Me Ya Sa Ake Kai Jiragen Sama Hamada a Ajiye?

Tambaya

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Katsina. Wani ɗalibina ya nuna mini hoto a wayarsa: manyan jiragen sama birjik a cikin hamada, an jera su sahu-sahu, an lulluɓe injunansu, an toshe tagoginsu. An rubuta cewa lokacin annobar korona ne kamfanoni suka kai su can. Yaron ya tambaye ni dalili, na ce masa zan bincika. Me ya sa sai hamada, alhali mun san rana da rairayi ba sa barin kaya lafiya? Jiragen nan sun tashi daga aiki ke nan, ko suna komawa ɗaukar fasinja? Kuma tunda ga sahara nan kusa da mu, me zai hana a riƙa kawo su Agadas ko Kano, mu ma mu samu kuɗin shiga?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ba ka sallami yaron da amsar da ta fara zuwa bakinka ba. Hoton gaskiya ne. Ina kyautata zaton ko dai Victorville ne a Kalifoniya ta Amurka, ko Teruel a Sifaniya, ko Alice Springs a tsakiyar Ostireliya. In ƙasar wurin ja ce jawur, to ta ƙarshen ce.

Akwai abin da irin wannan hoto ba ya nunawa, domin daga sama ake ɗaukarsa: mutanen da ke ƙarƙashin jiragen, da tsani da fitila da kundin aiki a hannu. Ajiya daban, yasarwa daban. Jirgin da aka yasar mutuwa yake yi, ko a wace ƙasa yake. Wanda aka ajiye kuwa kamar mara lafiya ne a gadon asibiti, ana juya shi, ana auna shi, ana rubuta komai. Hamada tana rage wa masu jinyar wahala ne kawai. Wannan shi ne bakin zaren duk amsar da zan ba ka.

Mu fara da yadda aka yi suka taru. A watan Maris na 2020 ƙasashe suka yi ta rufe iyakokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mu nan Najeriya an dakatar da jiragen ƙasashen waje ranar 23 ga Maris, ba su dawo ba sai 5 ga Satumba. Aikin Hajjin da ya tara mutum kusan miliyan biyu da rabi a 2019, a 2020 mazauna Saudiyya ƙalilan aka bari suka yi, don haka jiragen da suka saba jigilar maniyyata daga Kano da Sakkwato da Yamai ba su samu abin ɗauka ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu zirga-zirgar fasinja ta faɗi da kashi 94 cikin ɗari in aka kwatanta da Afrilun 2019. A wannan watan jiragen fasinja sama da 16,000 ne ke zaune a ƙasa, wajen kashi biyu cikin uku na duk waɗanda ake da su a duniya.

Filin jirgi kuwa tasha ce. An gina shi da lissafin cewa a kowace sa'a dubban jirage suna sama, wannan na sauka wancan na tashi. Ranar da kowa ya sauko lokaci guda, wuri ya ƙare. A Frankfurt ta Jamus sai da aka rufe titin sauka guda, aka jera jiragen Lufthansa a kansa. Ga tsadar zama, domin manyan filaye suna cajin jirgi gwargwadon nauyinsa da yawan sa'o'in da ya yi a tsaye. Kamfanin da ba ya sayar da tikiti, amma yana biyan hayar jirage da inshora da albashi, dole ya nemi inda ƙasa ke da arha.

Amma arha ba ita ce babban dalili ba. Babban dalili danshi ne. Jikin yawancin jirage alminiyam ne da aka gauraya da jan ƙarfe ko tutiya don ya yi ƙwari. Wannan gauraye yana tsatsa, sai dai tsatsarsa ba ja ba ce irin ta kwanon rufi. Wani farin gari ne kamar toka, yana farawa a ƙarƙashin fenti, a gefen ƙusoshi, a inda faranti biyu suka haɗu, a ƙasan banɗaki da wurin haɗa abinci, wato duk inda ruwa ke samun maɓoya. Kafin ido ya gan shi ya ci ƙarfen daga ciki. Tsatsa tana buƙatar ruwa, in kuma ta samu gishiri sai ta yi gudu. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar da ta shekara biyar a bakin teku a Legas ko Kwatano, ya kuma leƙa na sa'arta da ta zauna a Sakkwato, ya ga wannan da idonsa.

Jirgin da ke aiki shi yake busar da kansa. A can sama iska bushasshiya ce ƙwarai. Injin yana ɗaukar zafi ya kori raɓar da ta taru a cikinsa, man giris da baƙin mai suna zagayawa su shafe ƙarfe, robobin da ke hana yoyo suna jiƙewa su yi laushi, bawul-bawul suna buɗewa suna rufewa ba su samu sukunin cijewa ba. Da zarar ya tsaya, duk wannan ya tsaya. Da rana jikinsa ya yi zafi, da asuba ya yi sanyi, raɓa ta sauka a cikin fukafukai da tankunan mai, gobe ma haka. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ban san wata na'ura da maganar ta dace da ita kamar jirgin sama ba.

Shi ya sa kamfanonin da suka fi gaggawar kwashe jiragensu su ne na garuruwan bakin teku masu gumi. A Singafo laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari, a Hong Kong kuma ban da laima ga guguwar teku a lokacin zafi. Singapore Airlines ya kai manyan jiragensa samfurin A380 Alice Springs tun Afrilun 2020, Cathay Pacific ma ya kai jirage masu yawa can. Qantas na Ostireliya ya tura nasa A380 ɗin Victorville. Lufthansa ya zaɓi Teruel, wani fili a kan tudu mai tsawon wajen mita 1,000 daga doron teku, wanda aka buɗe a 2013 ba don fasinja ba, don ajiya da gyara da wargaza jirage kawai. Kamfanonin Amurka suka rarraba nasu tsakanin Victorville da Marana a Arizona da Roswell a New Mexico.

Ka lura da abu guda, Malam, tunda fanninka ne. In an ce hamada, mu abin da ke zuwa mana shi ne tudun rairayi irin na Tenere. Waɗannan wurare ba haka suke ba. Fako ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa da 'yan ƙananan itatuwa. A380 ya haura tan 270 ba fasinja ba mai, in ka ɗora shi a kan rairayi nutsewa zai yi. Sojan Amurka sun zaɓi Tucson a Arizona tun 1946 don ajiye jiragen da suka rage bayan yaƙin duniya na biyu saboda dalili biyu: ƙarancin ruwan sama, da wata ƙasa mai kama da siminti da ke ƙarƙashin turɓayar wurin, wadda ke ɗaukar nauyin jirgi ba sai an zuba kankare ba. Har yau akwai jiragen soja sama da 3,000 a wurin. Yawancin filayen farar hula ma tsofaffin sansanonin sojan sama ne. Na Roswell an rufe shi a 1967, na Victorville a 1992, suka bar dogayen titunan jirgi da manyan rumfunan gyara. Kuma ba korona ce ta fara cika su ba. Sun cika bayan harin 11 ga Satumban 2001, sun cika a karayar tattalin arzikin 2008. A 2019 ma, bayan haɗarin jirgin Habasha na 10 ga Maris da ya sa aka dakatar da Boeing 737 MAX a duk duniya, kamfanin Southwest ya kai guda 34 Victorville.

To me ake yi wa jirgi in ya iso? Nan nake so in daɗe, don nan aikin yake.

Ba a yin komai da ka. Kamfanin da ya ƙera jirgin, Boeing ko Airbus, yana da babi guda a littafin kula da jirgi wanda ya fayyace matakan ajiya, kuma iri biyu ne. Akwai ta ɗan lokaci, inda ake riƙe jirgi cikin shirin tashi a 'yan kwanaki: ana tayar da injuna a kai a kai, ana kunna wuta, ana motsa komai. Akwai kuma ta dogon lokaci, wadda ta fi wahalar shiga da wahalar fita, amma ta fi sauƙin riƙewa a tsakani. Zaɓi tsakanin biyun ya ba shugabannin kamfanoni ciwon kai a 2020, domin ba wanda ya san ko kullen na wata uku ne ko na shekara uku.

A ajiyar dogon lokaci da injin ake farawa, domin shi ne dukiyar. Ana zagaya wani mai na musamman a cikin hanyoyin mansa don ya hana tsatsa. Sai a zuba masa buhunan wani sinadari mai shan danshi, irin ɗan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani wanda aka rubuta kada a ci, amma nan kilo-kilo ake sawa. A rufe bakinsa da bayansa ruf, a bar wata 'yar takarda mai sauya launi in laima ta shiga, yadda mai dubawa zai gane ba tare da ya kwance komai ba. Ana cire batura ko a raba su da waya. Ana tsiyaye ruwan sha da na banɗaki kakaf. Ana kwashe duk wani abin ci, ko da ɗan biskit ne da ya faɗa tsakanin kujeru, domin ɓera in ya shiga jirgi waya yake ci, kuma wayoyin babban jirgi in an miƙe su sun kai ɗaruruwan kilomita.

Maganarka ta rana gaskiya ce, tana ɓarna. Tagogin fasinja ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri, rana tana sa ta yi tsage-tsage ƙanana. Tana cin tayoyi, tana kashe launin kujeru, tana mai da cikin jirgi tanda. Don haka ake liƙe tagogi da takarda mai ƙyalli, a lulluɓe tayoyi, a riƙa buɗe ƙofofi lokaci-lokaci iska ta ratsa. Jiragen soja na Tucson har wata farar roba ake fesa musu wadda ake ɓarewa daga baya. Lissafin da masu jirage suka yi shi ne: ɓarnar rana a waje take, ana ganinta, ana kare ta da mayafi, ɓarnar danshi a ɓoye take, kuma ƙashin jirgin take ci.

Tankin mai ba a barinsa fayau. Ana barin wani kaso na man a ciki don robar da aka liƙe haɗin faranti da ita kada ta bushe ta tsage, kuma nauyin yana taimakawa in iska ta taso. Sai dai kananzir ɗin jirgi yana tara ruwa a ƙasansa, kuma a daidai inda ruwan da man suka haɗu wasu ƙwayoyin halitta suke rayuwa, su yi yauƙi baƙi mai toshe matatar mai, mai kuma cin gindin tanki. Saboda haka akwai ranar da ma'aikaci zai bi ƙarƙashin fiffike da 'yar kwalba, ya buɗe magudana, ya tsiyayi man ya ɗaga shi a hasken rana ya duba.

Tayoyi ma suna da ranarsu. Wanda ya taɓa barin mota wata shida a wuri guda ya san yadda taya ke lotsawa ta gefen da ta zauna. A jirgi ana jan sa gaba kaɗan da tarakta, ko a ɗaga shi da jak a juya tayoyin, a auna iskar naitirojin da ke cikinsu. A380 tayoyinsa 22 ne. A 2021 Qantas ya ba da labarin yadda injiniyoyinsa a Victorville ke fara wannan aikin: sai sun zagaya jirgin suna buga ƙafa a ƙasa, suna dukan tayoyin da sandar tsintsiya, don su kori macizan nan masu dafi da wutsiyarsu ke kaɗawa kamar ƙararrawa, da kunamu, waɗanda ke shiga inuwar birki su kwanta. Kowane jirgi da sandarsa, an rubuta mata lambarsa. Akwai duba na mako-mako, na bayan mako biyu, na wata-wata, kowanne da takardarsa da sa hannun injiniya mai lasisi.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro a duk harkar, kuma ɗalibinka ya san shi tun yana ƙarami: zanzaro. Wannan ƙwaron da ke ɗebo laka ya gina ɗaki a ramin makulli ko a bakin butar da aka daɗe ba a taɓa ba. A gefen hancin jirgi akwai wasu 'yan bututu masu kaurin yatsa, ramin bakinsu bai fi na bironka ba, ana kiransu da sunan Bafaranshen da ya ƙirƙiro su, Henri Pitot. Iskar da ke shiga cikinsu ita ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. A jikin jirgin kuma akwai wasu ƙananan huji da ke gaya masa nisansa daga ƙasa. A wurin zanzaro, wannan rami gida ne da aka gina masa kyauta. Ni da hannuna na taɓa zaƙulo ginin laka daga bututun shan iska na tankin wani ƙaramin jirgi da ya yi 'yan makonni a tsaye bayan damina. Daga waje ba ka ganin komai, sai da na haska fitila na ga bakin ramin ya yi launin ƙasa. Da na fasa, ga tsutsa a ciki da 'yan gizo-gizon da uwar ta tara mata. Tun daga ranar ban ƙara wuce wani rami a jikin jirgi ban leƙa ba.

Raina kama ka ga gayya. Ranar 6 ga Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya yi kusan mako uku a ƙasa. Ma'aunin gudun kyaftin ya riƙa ba da lissafin ƙarya, matuƙan suka rikice, jirgin ya faɗa teku da mutum 189. Masu bincike sun gano cewa bututun a toshe yake, kuma zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan irin wannan ƙwaro. Maganin shi ne a rufe ramukan, amma rufewar ma tana da nata haɗarin. A watan Oktoba na 1996 ɗin dai, wani 757 na Aeroperú ya tashi daga Lima da salatif a kan ƙananan hujin, wanda aka liƙa lokacin goge jirgin aka manta ba a cire ba. Mutum 70 suka rasu. Shi ya sa duk murfin da aka sa wa jirgi yake da dogon jan ƙyalle da ke reto, kuma ana rubuta adadinsu a kundi, ranar cirewa a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. E, mafi yawansu sun koma aiki, kuma mai yiwuwa wanda ya yi tafiya a shekarun nan ya hau jirgin da ya yi shekara a hamada bai sani ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a Yulin 2020 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin gaggawa a duba jiragen Boeing 737 kimanin 2,000, bayan sau huɗu injin ya mutu a sama a jiragen da aka fito da su daga ajiya. Wani ɗan bawul ne na iska tsatsa ta sa ya cije. Umarnin ya shafi duk jirgin da ya yi kwana bakwai ko fiye a jere bai tashi ba. Kwana bakwai kacal, Malam. A watan da ya biyo baya hukumar Turai ta yi nata gargaɗin a kan toshewar bututun auna gudu.

Manyan jiragen sun fi cin lokaci. Shugaban Qantas na wancan lokaci ya bayyana cewa tayar da A380 guda yana cin aikin sa'o'i 4,500, wato injiniyoyi goma na wata biyu, ana sauya tayoyi da birki da tukwanen iskar shaƙa da na kashe gobara, kafin ma a kai shi babban gyara. Na farkonsu ya koma ɗaukar fasinja a Janairun 2022. A380 na farko da Lufthansa ya ɗauko daga Teruel a Disambar 2022 ya tafi Frankfurt ne da ƙafafunsa a waje duk tsawon hanya, a hankali, domin ba a riga an gwada naɗe su ba, kuma sai a tsakiyar 2023 ya fara aiki. Cathay Pacific bai ɗauke jirginsa na ƙarshe daga Alice Springs ba sai a 2024. Matuƙan ma sai an tayar da su, domin doka ta ce wanda bai yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 ba ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sabunta.

Wasu kuwa tafiyar ba dawowa. British Airways ya sallami duka Boeing 747 ɗinsa a Yulin 2020. A Yulin dai 747 na ƙarshe na Qantas ya bar Sydney, matuƙansa suka zana hoton dabbar kangaru da hanyar da suka bi a sararin sama, ya ƙare a hamadar Mojave ta Kalifoniya. Air France ya haƙura da A380 baki ɗaya. Jirage masu inji huɗu suka fi shan wannan hukunci, saboda masu inji biyu na zamani suna kai nisan da suke kaiwa da mai kaɗan. Irin waɗannan ana cire musu injuna da ƙafafu da na'urorin ɗakin matuƙi a sayar, sauran gangar jikin a yanka a narkar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin jirgi ana sake amfani da shi. Kuma ko a nan takarda ce ke da daraja. Kowane muhimmin ƙarfe yana da tarihinsa a rubuce tun daga ranar da aka ƙera shi: sa'o'in da ya yi a sama, wanda ya gyara shi, ranar da aka gyara. Ƙarfen da tarihinsa ya ɓata, komai ƙyallinsa, kayan 'yan gwangwan ne.

Saura maganar Agadas da Kano, kuma na ji daɗin da ka yi ta. Kano ba ta cika sharaɗin ba. Muna da damina ta wata huɗu zuwa biyar mai ruwa da gumi, ga iskar farkon damina mai ɗauke rufin gida. Agadas ta fi bushewa nesa ba kusa ba, kuma akwai fako a yankin. Matsalarta, wadda ita ce tamu ma, ƙura ce. Kwarin Bodele da ke arewa maso gabashin Tafkin Cadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu ta kanmu take bi da ita. Ka san yadda hazo ke hana jirage sauka a Kano kwana da kwanaki, ka san yadda za a share ɗaki a kulle, da safe a rubuta suna da yatsa a kan tebur. Wannan ƙura mai laushi kamar garin alkama tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga. In ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe, in ta samu raɓa ta riƙe ta a jikin alminiyam. Ana iya yaƙar ta da kyakkyawan rufi, amma kuɗin aikin zai ƙaru.

Ko da an shawo kan ƙura, ƙasa da iska rabin magana ne. Mai jirgi zai tambaya: akwai kamfanin gyara a wurin da hukumomin Turai ko Amurka suka amince da sa hannunsa? In ana buƙatar wani ƙarfe daga Toulouse ko Seattle, inda Airbus da Boeing ke ƙera jirage, kwana nawa zai yi kafin ya fito daga hannun kwastan? Wa ke gadin wurin da dare? Kamfanin inshora ya yarda? Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, masu su suna Ireland ko Amurka ko Sin, kuma ba sa barin a kai dukiyarsu inda suke shakkar za su iya ɗauko ta ranar da suka so.

Ni a ganina ba abin da ya gagara a nan, amma da mutane da rumfar gyara za a fara, filin ajiya ya biyo baya. Muna da kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya tun 1964, tana yaye injiniyoyi masu kyau, da yawansu suna aiki a ƙasashen Larabawa da Turai. Duk da haka har yanzu kamfanoninmu sukan kai jiragensu waje don babban gyara, su biya da dala. Habasha ta gina nata wurin gyaran a Addis Ababa shekara da shekaru, yau jiragen wasu ƙasashe ake kai mata. Abin yana ci mini rai duk lokacin da na wuce gefen wasu filayenmu na ga jiragen da aka jingine tun shekaru, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, tsuntsaye na shiga injin suna fita. Da a ce ranar da aka tsayar da su an rufe su yadda littafi ya ce, an riƙe takardunsu, da ko ba su sake tashi ba an sayar da kayan jikinsu da daraja.

In kana so ɗalibanka su gani da idonsu, ga gwajin da ba zai ci kuɗi ba. Ka samo kwalabe uku masu murfi da sababbin ƙusoshi uku, ka goge su da yashi su yi haske. A kwalba ta farko ka sa ƙusa da auduga jiƙaƙƙiya da ruwan rijiya. A ta biyu ka jiƙa audugar da ruwan gishiri. A ta uku ka sa ƙusar da irin ƙunshin nan na kwalin takalmi guda biyu ko uku, ba ruwa. Ku rubuta Kano a ta farko, Legas a ta biyu, Victorville a ta uku, ku rufe su da kyau ku jera a taga. Yaron da ya kawo hoton shi za ka ba kundin, ya riƙa dubawa kowace Litinin yana rubuta kwanan wata da abin da ya gani, ya sa hannu a ƙasa.